Aikin Namiji, Aikin Mace: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Garwa, Marwa da Ngaundare

Yawancin gardamar "wannan aikin maza ne, wancan na mata" tana tasowa ne daga cakuɗa abu uku: abin da addini ya wajabta, abin da dokar Kamaru ta rubuta, da abin da aka taso aka tarar ana yi a unguwa. Wani zai riƙe al'adar gidansu ya ce shari'a ce, wata ta riƙe abin da ta gani a waya ta ce doka ce. A amsoshin da ke ƙasa an ajiye kowanne a mazauninsa. Inda aka ambaci fiƙihu, mazhabar Malikiyya ake nufi, don ita ce akasarin Musulmin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa suke bi.

Girki, shara da wanki wajibi ne a kan mace, ko dai al'ada ce?

Malaman Malikiyya sun raba aikin gida kashi biyu. Akwai hidimar cikin gida, kamar kwaɓa gari, dafa abinci, shara da gyaran shimfiɗa. Wannan suka ce tana kan mace idan miji ba shi da halin ɗaukar mai aiki, ko kuma ita ba ta fito daga gidan da aka saba yi mata hidima ba. Idan yana da hali kuma ita irin wadda ake yi wa hidima ce, shi zai nemo mai aiki. Kashi na biyu shi ne aikin neman kuɗi, kamar kaɗi, saƙa da ɗinki. Wannan ba ya kanta ko kaɗan, domin neman abin da gida zai ci nauyin miji ne.

Abin lura kuma, hidimar da ake magana ta mijinta ce da ɗakinta. Wankin ƙannen miji, girkin baƙin 'yan uwansa da suka zo cin kasuwa, jinyar surukai, duk waɗannan kyautatawa ce. Tana da lada in ta yi, amma ba bashi ba ne da za a bi ta. Gidaje da yawa a nan suke ruɗewa: an mayar da alheri haraji.

Ina so in taya iyalina aiki, amma abokai za su ce na zama mijin-ta-ce. Yaya zan yi?

Malam, leƙa bakin kasuwa da safe. Mai shayi namiji ne, yana soya ƙwai yana wanke kofuna. Mai tsire da mai kilishi maza ne. Mai wanki da guga namiji ne, ɗan ga-ruwa namiji ne, tela mai ɗinkin kayan mata ma sau da yawa namiji ne. Babu wanda ya taɓa cewa mazantakarsu ta ragu. Ashe aikin ba shi ne abin kunyar ba, yin sa ba tare da an biya ba ne mutane suka ɗauka ƙasƙanci. Kuma a Sahihul Buhari, da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

A aikace, "zan riƙa taimakawa" ba ya ɗorewa, kwana uku ne ya wuce. Abin da ke ɗorewa shi ne ɗaukar aiki guda ko biyu su zama naka kacokan: cika randa da jarkoki kafin ka fita, kai yara makaranta, gugar kayanka, ko riƙe jariri tsakanin magariba da isha lokacin da tuwo ke kan wuta. Zaɓi aikin da ke cin lokaci a sa'ar da ayyuka suka fi cunkushe mata, wato asuba zuwa ƙarfe bakwai, da kuma la'asar zuwa isha. Uwargida kuma, in ya wanke kwano bai fita tas ba, kada ki karɓe ki ce "bar shi, ba ka iya ba". Ranar ke nan da ya daina.

To mene ne ainihin abin da ke kan namiji?

Ci, sha, sutura da muhalli, gwargwadon halinsa da abin da aka saba a garin. Wannan nauyi ba ya sauka don matar tana da albashi ko tana sayar da man gyaɗa. Sadakinta nata ne, ba na uba ba, ba na kawu ba. Abin da ta samu nata ne, tana saye da sayarwa ba tare da neman sa hannunsa ba. Iyakar da Malikiyya suka sa ita ce kyauta: in za ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, miji yana da ta cewa.

Gaskiyar rayuwa kuwa, buhun masara da kuɗin haya sun sa gidaje da yawa ba sa tsayawa da hannu ɗaya. Ba laifi mace ta sa nata, amma a faɗi sunan abin tun farko: kyauta ce ko rance? In rance ne, a rubuta adadi da rana, ko a littafin makarantar yara ne. Rigimar da ke kaiwa gaban alƙali a fadar lamido bayan shekara goma galibi daga wannan kalma ɗaya da ba a furta ba take farawa.

Miji yana da ikon hana matarsa aiki ko sana'a a dokar Kamaru?

Dokar farar hula da aka gada daga Faransa har yanzu tana kiran miji shugaban iyali a sashe na 213, kuma sashe na 215 ya ba shi zaɓen inda iyali za su zauna. Dokar 29 ga Yuni 1981 kan rajistar haihuwa da aure, a sashe na 74, ta ce matar aure tana iya yin sana'a dabam da ta mijinta, shi kuma yana iya ƙin amincewa saboda maslahar aure da yara. Sai dai ƙin nasa ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. Shugaban kotu ne ke yanke magana cikin kwana 10, kyauta, bayan ya saurari su biyun. Sashe na 75 kuma ya ba matar da ke sana'arta damar buɗe asusun banki da sunanta.

Mafi sauƙi dai kada a kai ga kotu. Wadda take karatun jinya a Garwa ko koyarwa a Marwa, a tattauna maganar aikinta tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, a kuma yi maganar abin da za a yi in aka tura ta aiki wani gari. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure wajen zance ba ya da shaida.

Jarina kullum yana narkewa a cefane. Ina matsalar take?

Matsalar ita ce gwangwani ɗaya. Kuɗin ciniki, kuɗin kayan miya da kuɗin biki duk suna shiga wuri guda, don haka ba a gane ranar da aka fara cin uwar kuɗi.

A ce kin sa sefa 20,000 a gyaɗa, niƙa, itace da robobi, kin sayar da mai da ƙuli-ƙuli a kan 25,000. Ribarki 5,000 ce, ba 25,000 ba. Ware 20,000 ɗin nan take kafin ki taɓa komai, in da hali ki zuba ta a asusun Orange Money ko MTN Mobile Money wanda aka yi wa rajista da katin shaidarki, ba na maigida ko na ɗanki ba, kuma lambar sirri ta tsaya a kanki. Daga 5,000 ɗin ne za a fitar da zubin adashi da abin da kika ga dama ki sa a gida. Abubuwa uku ne suka fi kashe irin wannan sana'a: bashin maƙwabta da ake jin nauyin tambaya, zubin adashin da ya fi ƙarfin riba har a koma ana ciro shi daga jari, da rashin lissafa ladan wahala. Mata da yawa ba sa sa kuɗin itace da na niƙa a lissafi, sai su ga kamar suna cin riba alhali kuɗinsu ne ke dawo musu.

Cibiyoyin horar da mata na ma'aikatar kula da mata da iyali, wadda aka kafa a 2004, suna koyar da ɗinki, sarrafa abinci da lissafin sana'a a manyan garuruwa.

An ɗaura mana aure a masallaci, an ba da sadaki. Me zai kai mu ofishin magajin gari?

A addini aurenku ya cika. A idon hukuma kuwa, takardar aure ce shaida. Ranar da ma'aikaci ya rasu, asusun CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ko baitulmalin gwamnati takardar za su nema kafin su biya matarsa fansho. Mata da yawa sai a cikin takaba suke jin wannan.

Ana kai takardun haihuwa da katunan shaida, a liƙa sanarwa wata guda kafin ranar, a zo da shaidu. Za a yi tambaya biyu da bai kamata a amsa su da ka ba. Ta farko: mace ɗaya ko fiye? Wanda ya sa hannu a kan mace ɗaya sannan ya ƙara aure ya shiga laifi a dokar hukunta laifuka. Ta biyu: dukiya a haɗe ko a rabe? In a haɗe ne, dokar farar hula ta ba miji gudanar da dukiyar tarayya. Ga gidan da ke da mata biyu ko uku, ko matar da ke da kasuwancinta, rabewa ta fi kusa da tsarin Musulunci kuma ta fi raba gardama. A tabbatar da zaɓin gaban noter, wato jami'in tabbatar da takardun yarjejeniya, kafin ranar auren. Ma'aikatar mata da ofisoshin magajin gari sukan shirya auren gayya lokaci-lokaci don ma'auratan da suka daɗe tare ba takarda.

An ce mace ba ta gadon gona ko gida. Haka ne?

Ba haka ba ne. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i ba su ware gona, gida ko shanu ba. A ce mutum ya rasu ya bar abin da ya kai sefa 2,400,000 bayan an biya bashi da wasiyya, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato 300,000. Saura 2,100,000 a kasa shi bakwai, domin kowane namiji kaso biyu ne, kowace mace kaso ɗaya. Kowace 'ya ta tashi da 300,000, kowane ɗa 600,000. Da mata biyu ya bari, tumunin nan guda za su raba, kowacce 150,000.

Inda ake cin haƙƙi shi ne wajen "a bar gonar a hannun yaya, ai gidan kowa ne". Shekara ashirin ta wuce, yaya ya rasu, 'ya'yansa sun ɗauka ta ubansu ce. In ba za a sayar ba, a yi wa gonar ƙima, a auna kason kowa a gaban jauro ko lawan da shaidu, a rubuta. Mace tana iya neman takardar mallakar fili da sunanta kamar kowane ɗan ƙasa. Kuma ba a ko'ina namiji ke ninka mace ba: uwa da uba kowanne sudusi yake samu in mamacin ya bar ɗa namiji, 'yan uwa ta wajen uwa kuma daidai suke rabawa.

Kuɗi ba su isa a sa duka yara a boko ba. Ba gara a sa maza ba, tunda mace gidan wani za ta?

Kafin a yanke, a yi lissafi na gaskiya. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun shekarar 2000. Abin da ya rage shi ne kuɗin ƙungiyar iyaye, littattafai da kayan makaranta. Sau da yawa ba waɗannan ne ke fitar da yarinya daga aji ba, talla ce da renon ƙanne. Yarinyar da ta kai ƙarfe tara na dare da farantin gyaɗa a tasha, gobe barci za ta yi a aji, ta faɗi jarrabawa, a ce ai ba ta da kai.

Tarko na biyu takardar haihuwa. Ana karɓar yaro a aji ɗaya ba ita, amma in an zo jarrabawar CEP a ƙarshen firamare sai a tsaya. Wanda bai yi rajista a kan lokaci ba sai ya bi ta kotu a ba shi hukuncin da zai maye gurbinta, kuma iyaye da yawa sukan yi wa namiji wannan wahalar su bar mace. A fara neman takardar tun tana aji uku ko huɗu. Dokar hukunta laifuka ta 2016, sashe na 355-2, ta sa tarar 50,000 zuwa 500,000 ga mahaifin da ke da hali ya ƙi sa ɗansa a makaranta, kuma ba ta bambanta ɗa da 'ya ba.

Maganar "gidan wani" kuwa, duk wanda ya taɓa kai matarsa asibiti yana neman likita mace ko ungozoma ya san amsarta. Jami'a ma ta matso: Ngaundare tun 1993, Marwa 2008, Garwa 2022.

Shekara nawa doka ta yarda a aurar da yarinya?

Dokar 1981 ta sa 15 ga mace, 18 ga namiji. Amma dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016, sashe na 356, ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure, kuma ta haɗa da wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su kai 18 ba. Masu tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri su ɗaura a Njamena su sani Chadi ma ta haramta auren ƙasa da 18 tun 2015, da ɗauri irin wannan. Ta fuskar lafiya, ƙugun da bai gama girma ba yana cikin abubuwan da ke jawo doguwar naƙuda, ita kuma ke jawo yoyon fitsari.

Matata 'ya'ya mata kawai take haifa. Daga wajenta ne?

A'a. Ƙwan mace kullum nau'i ɗaya yake ɗauke da shi, wanda likitoci ke kira X. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y. In X ya riga isa, mace. In Y ne, namiji. Babu rubutu ko saiwar da ke sauya wannan, kuma ƙarin aure ba ya sauya shi.

Haka rashin haihuwa. Kusan rabin ma'auratan da ke fama da shi akwai matsala ta ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da matar. In an shekara ana tare ba ciki, su je su biyu. Gwajin namiji ya fi sauƙi da araha: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba da maniyyi a ɗakin gwaji, a duba yawa, motsi da siffa. Ƙarfin kwanciya ba shaidar haihuwa ba ne, abubuwa biyu ne dabam. Abin takaici, mace takan shekara biyar tana shan sassaƙe da gori kafin wani ya yi ƙarfin halin cewa maigida ya je.

Awon ciki da haihuwa ai sha'anin mata ne. Mene ne nawa a ciki?

Naka ne ya fi yawa, domin jinkirin da ke kashe masu naƙuda yakan faru ne tun a gida: maigida yana kasuwar ƙauye, waya ba ta shiga, ba wanda zai ce a tafi. Abu huɗu za ka yi tun ciki yana wata shida. Ka ba da izini a fili, a gaban mahaifiyarka ko wadda ke gidan, cewa in abu ya taso a wuce asibiti ba sai an jira ka ba. Ka ajiye kuɗin mota a hannunta. Ka riƙe lambar mai mota ko mai babur biyu da za su ɗauka da tsakar dare. Ka san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini.

A yankunan arewa uku akwai takardar lafiyar masu ciki da ake saya sefa 6,000 a asibitocin da ke cikin shirin, tana ɗaukar awo, haihuwa, tiyata in ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tana ba da shawarar zuwa awo sau 8. Alamun da ba a kwana da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya ba naƙuda, da jaririn da ya daina motsi.

Ni ma'aikaciya ce. Me doka ta ba ni in na haihu?

Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba da hutun mako 14, yana farawa mako 4 kafin ranar da aka ƙiyasta, ana iya ƙara mako 6 in likita ya tabbatar da rashin lafiya. Ba a sallamar mace saboda ciki. Har wata 15 bayan haihuwa kina da hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya a rana ba. CNPS ce ke biyan kuɗin hutun, don haka ki tabbatar mai aikin ya yi miki rajista tun kafin ciki ya tsufa. Sashe na 61 kuma ya ce aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya.

Kullum maganar mata ake yi. Maza fa, ba abin da ke danne su?

Akwai, kuma ba a faɗa. An koya wa yaro tun yana ƙarami cewa namiji ba ya kuka, ba ya cewa babu. Sai ya girma da lefe, kayan ɗaki da ake sa ran ya taimaka, ragon suna, ragon layya, kuɗin maganin iyaye da na makarantar ƙanne, duk a kan babur ɗaya na haya. Daga nan wasu ke faɗawa tiramol don su yi awa goma sha shida a kan hanya, ƙarshenta jijjiga da haɗari. Manomin auduga da ya karɓi taki bashi, damina ta ƙi, yakan ɓoye wa iyalinsa har ranar da masu bin bashi suka yi sallama.

Alamun da uwargida ko aboki zai lura da su: rashin barci na makonni, saurin fushi a kan abin da bai kai ba, daina zama majalisa, rama, da maganganu irin na "gara mutum ya huta". Wannan na asibiti ne, a haɗa da addu'a, kada a tsaya ga "ka yi haƙuri, kai namiji ne". Kuma maigidan da ya buɗe wa matarsa lissafinsa, abin da ke shigowa da abin da ake bin sa, yakan tarar buƙatun da yake tsoro sun ragu da kansu.

Ya sake ni ya ce in kwashe kayana a daren, ya kuma riƙe yara. Yana da wannan ikon?

Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a cikin idda, kuma a sakin kome ciyarwa tana kansa har iddar ta cika. Dokar 2016, sashe na 358-1, ta sa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1 da tarar 50,000 zuwa 500,000 ga wanda ya kori abokin aurensa daga gida ba bisa hukuncin kotu ba kuma ba dalili, hukuncin yana ƙaruwa in matar tana da ciki.

Riƙon yara a Malikiyya na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma yana ci gaba da ciyarwa. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga kaka ta wajen uwa, ba kai tsaye ga uba ba. "Da an yaye a kawo mini ɗana" al'ada ce. A fara da waliyyai da limami, in ta ƙi a je ofishin jin daɗin jama'a ko kotu. A Marwa akwai reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wanda Aissa Doumara tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1996.

Duk wannan ba tunanin Turawa ba ne ake shigo mana da shi?

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, da waƙoƙin Fulfulde da Hausa, tun Bature bai taka Garwa ba. Shehun da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. A zamanin nan, Yaou Aïssatou ta zama ministar harkokin mata a 1984, daga baya ta shugabanci kamfanin zuba jari na ƙasa, SNI. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014 kuma, a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari akwai gidaje masu yawa da mace ce ke noma, ta biya haya, ta aurar, ba don ta karanta wani ra'ayi ba.

A wace shekara ya kamata yaro namiji ya fara aikin gida?

Daidai lokacin da 'yar uwarsa ta fara. Ɗan shekara 5 zuwa 6 yana naɗe tabarmarsa ya kai kwanonsa wurin wanke-wanke. Daga 7 zuwa 9, shara da wankin ƙananan kayansa. Daga 10 zuwa 12, hura gawayi, dafa shayi, taliya da shinkafa da wake, da babba a kusa. Kafin ya kai 15 ya iya miya ɗaya da tuwo, domin ranar da ya tafi karatu Ngaundare ko fatauci Duwala ba Inna a can. Ita ma yarinyar a koya mata lissafin kuɗi, canza ƙwan lantarki da karanta takardar asibiti. In ana rabon aiki, a yi shi da kwana, yau Sani gobe Hadiza, a rubuta a liƙa a bangon kicin, don kada wanke-wanke ya koma kanta duk ranar da ake wasan ƙwallo.